Ranar da Kawu Ya Hana a Tsaga Kaluluwa

Ranar sadakar ukun Kawu a Faskari, wata tsohuwa daga Mairuwa ta shigo ɗakin da muke zaune, ta yi gaisuwa, ta yi addu'a yadda ya kamata, sannan ta gyara zama ta ce ita dai ta yafe masa duniya da lahira, amma ba ta taɓa ganin mai rowar allura irinsa ba. Wai ta taɓa takowa a ƙasa tun daga Mairuwa da ciwon baya, ya duba ta, ya ba ta 'yan ƙwayoyi a takarda, ya ce ta rage surfe. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, har da matarsa mai takaba, wadda tun da aka fita da shi ba ta ce wa kowa uffan ba. Daga nan sai kowace ta ciro nata labarin, zaman makoki ya koma hira.

A waje ma haka aka yi ta yi, in ji 'ya'yana maza. Mutanen Sabuwa sun tuna daminar da rafi ya kawo, ya jingine babur a gaɓa, ya ɗora akwatin allurar rigakafi a ka ya ƙetare, ruwa har ƙirji. Wani dattijo daga Yargoje ya naɗe hannun riga ya nuna tabon lambar rigakafi a dantsensa, ya ce wannan aikin hannun Malam ne. Jikokinsa ƙanana kuwa sai zare ido suke yi. Su abin da suka sani shi ne tsoho mai rediyo, wanda in ka durƙusa gaishe shi zai cafke ka ya lalube maka wuya da hammata kafin ya amsa. Kallon nan nasu shi ya dame ni. Na ga in muka yi shiru, mu da muka san shi da ƙarfinsa, nan gaba kaɗan ba abin da zai rage sai labarin tsoho mai laluben wuya. Ni kuma ina da wani labari da ba wanda ya fi ni haƙƙin faɗinsa, don ran 'yata da aurena aka ɗora a kan maganarsa, a tsakar gidan surukaina a Pauwa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya tsaya aka bar ni na yi karatu, abin da daga baya ya kai ni ga aikin koyarwa, don haka in kun ji ina yabonsa fiye da kima, ku yi haƙuri da ni, ba zan rage ba. Malamin asibiti ne, ya yi makarantar aikin lafiya a Kano, aka dawo da shi gida yana zagaye tsakanin Kankara da Faskari da Sabuwa. Shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan, abokan karatunsa suka yi ta ajiye aiki suna zama 'yan kwangila, yau ka ga mutum a keke, baɗi ka gan shi a mota yana ɗaga maka hannu ta gilashi. Kawu na nan da babur ɗinsa mai tari. Mahaifiyata ta yi masa gori har ta gaji. Shi kuwa sai ya ce ta rufa masa asiri, mutumin da ba ya iya bambance siminti da toka in aka ba shi ginin gada ai kisan kai zai yi.

Zamanin allura ne a lokacin. Kowace kasuwa ka shiga za ka tarar da mai jaka a gindin itace, kowane ciwo ka kawo masa, soka maka zai yi, wani lokacin ta cikin wando ma. Mutane sun ɗauka maganin da bai huda fata ba wasa ne. Kawu kuwa in ya duba ka ya ga ba ka bukata, ko kuka za ka yi ba zai soka maka ba. Abin da yake yawan faɗa shi ne, “Jiki ba wawa ba ne, ku daina yi mashi shisshigi.” Amma kuma shi ne mai bin yara lafiyayyu gida-gida da allurar rigakafi. Wannan abu ya ɗaure wa mutane kai ƙwarai. Suka ce wannan wane irin malami ne, mara lafiya ya zo ya hana shi, mai lafiya yana zaune a gidansu ya bi shi ya soke.

Yana da aboki, wanzamin Pauwa, wanda shi ke yi wa gidan mijina aski da kaciya tun zamanin kakanni. Ban taɓa ganin abota mai yawan faɗa irin tasu ba. In suka haɗu a kasuwar Kankara sai sun yi musu a kan aska har mutane su taru, Kawu na cewa a tafasa ta, wanzami na cewa ubansa bai tafasa ba kuma ga gari nan cike da mutane. In sun gama sai su sayi fura su dama a ƙwarya guda. Wanzamin ya koma tafasa aska daga baya, amma har ya mutu yana cewa don ta fi kaifi ne.

Abin da ya fi burge ni da Kawu shi ne bai taɓa ganin ya gama karatu ba. Wani likita baƙo da ya yi aiki a Funtuwa ya bar masa tarin tsofaffin mujallun likitoci da zai koma ƙasarsu, Kawu ya ɗauro su a bayan babur, ya riƙa bin su layi-layi da ƙamus a gefe. Ina 'yar budurwa ya shigo gidanmu wata rana da yamma, fuska a washe, har mahaifiyata ta ɗauka haihuwa aka yi masa. Ashe wani abu ya karanta. Ya zauna a kan turmi ya ce a makaranta an koya musu cewa in cuta ta shiga jiki, jiki yana duban ta ne sannan ya haɗa mata makami daidai da ita, yadda tela ke auna mutum kafin ya yanka yadi. To ashe ba haka ba ne. A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, ba su ƙirguwa, kuma kowace ɗaya tana ɗauke da makami mai siffar kansa, wanda bai yi kama da na 'yar'uwarta ba. Jiki yana ta ƙera su iri-iri tun mutum bai haɗu da kowace cuta ba. Waɗanda siffarsu ta dace da naman mutum kansa, tun suna ƙanana ake kawar da su don kada su juya su ci gida. Sauran su yi ta yawo suna jira, akasarinsu har su mutu ba su gamu da abin da aka yi su dominsa ba. In cuta ta shigo, wadda siffarta ta dace da ita ce kaɗai za ta manne mata, mannewar nan kuwa ita ke tayar da ita ta fara hayayyafa.

“Yaya, kin gane kuwa?” in ji shi. “Cutar da kanta ita ke zaɓen wanda zai kashe ta. Allah ya ajiye amsa tun ba a yi tambaya ba.”

Mahaifiyata ta dube shi ta ce to madalla, ya tashi mata daga kan turmi tana da daka. Ni dai maganar ta zauna mini, ko da yake ban san ranar da zan bukace ta ba.

Da aka kai ni Pauwa, mijina direban tifa ne a wajen aikin hanya can wajen Kaduna, sai wata-wata yake leƙo gida. Gidan a hannun mahaifiyarsa yake, Hajiya, wadda ba ta daɗe da dawowa daga Makka ba. Kada wani ya ɗauka muguwa ce. Mace ce mai kaifi, mai ciyarwa, wadda in ta so ka har kunya za ta ba ka, amma ba a ja da ita. Na haifi ɗana na fari, namiji. Kun san al'ada, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta da baki a kan sha'aninsa. Hajiya ce ke goya shi, ita ke ba shi kunu, tana kiransa maigidanta, tana yi masa tsiyar ya bar ta ba cefane.

Shekarar da masu rigakafin agana da ƙyanda suka zo Pauwa, magana ta riga su isowa cewa lamba tana kumbura wa yaro hammata, dafin ya gangara zuciya. Mata suka riƙa jefa yara cikin rumbu suna rufewa har ma'aikatan su wuce. Hajiya ma ta sa maigidanta a rumbun dawa, da 'yar ƙwaryar fura don kada ya yi kuka. Ina tsaye ina gani, kunyar ɗan fari ta ɗaure mini baki. Da bazara ta yi, ƙyanda ta shigo gari, ta ɗauke shi tare da wasu yaran unguwa. Ni ba a yarda in yi kuka a gaban mutane ba, sai a bayan ɗaki. Hajiya ce ta yi kukan da ya ishe mu mu biyu. Kawu ya zo gaisuwa, ya san duk abin da ya faru, don ba a ɓoye irin wannan a ƙauye, amma addu'a kawai ya yi ya tafi.

Ta biyu mace ce, aka sa mata sunan Hajiya, ta zama takwararta. Wannan karon na ce ba kunyar da za ta hana ni magana. Da ta fara tafiya, na nemi izinin mijina kafin ya koma wajen aiki, ya ce in je. Ranar kasuwar Kankara na goya ta na kai wa Kawu, ya yi mata lambar agana a dantse, ya kuma yi mata allurar ƙyanda, yana gaya mini kowace cuta da tata, ɗaya ba ta tsare wa ɗaya. Da na dawo na gaya wa Hajiya da bakina. Ta dai karɓi yarinyar ta juya dantsen ta duba, ta miƙo mini ita.

Bayan kamar mako guda jikin yarinyar ya ɗauki zafi, lambar ta yi ƙurji, sannan kaluluwa ta fito mata a hammata, ta kai girman goro. In ka ɗaga hannun sai ta tsala ihu. Hajiya ta taɓa wurin sau ɗaya, fuskarta ta canza, ta aika a gaya wa wanzami ya zo da safe ya tsaga ya kafa ƙaho, a zuƙe dafin tun bai kai zuciya ba. Ni kuwa na sha jin Kawu yana ba da labarin jariran da aka tsaga aka kawo masa su jiki a sandare, haƙora a sarƙe, ba abin da zai iya yi musu. Na fita ta ƙofar baya na sami wani maƙwabcinmu da zai kai kaya Kankara a keke, na roƙe shi don Allah ya nemi Kawu ya ce masa ya zo.

Da safe wanzami ya zo ya shimfiɗa buzu a tsakar gida, ya buɗe zabira. Allah ya jiƙan wannan bawan Allah. Da ya ji lambar ta hannun wa ce, sai ya ce a ɗora masa ruwa ya tafasa aska, da ruwan ya tafasa ya ce askar ta dakushe sai ya wasa, da ya wasa ya ce ai kuma sai an sake tafasawa. Hajiya tana ta harararsa. Yana cikin wannan jan ƙafa muka ji tarin babur a ƙofar gida.

Kawu ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gai da Hajiya gaisuwar surukai, har da tambayar awaki. Sannan ya nemi izini ya ga yarinyar. Ya ɗaga hannun a hankali, ya murza kaluluwar da yatsu biyu, ya duba fatar wurin, ya duba lambar, ya leƙa bakinta. Ni ina rakuɓe a bakin ƙofar ɗakina.

An yi suna a gidan maƙwabta kwanakin nan, aka kawo kwanuka gidanmu aka wanke, ga su nan jibge kusa da randa, na gidaje daban-daban, murafensu a cakuɗe wuri guda. Kawu ya je ya ɗauko kwano ɗaya ya ajiye a gaban Hajiya, ya tura mata tarin murafen, ya roƙe ta ta rufe masa shi. Ta dube shi irin kallon da ake yi wa wanda rana ta taɓa. Amma Hajiya ba ta iya ganin kwano a buɗe ta ƙyale, sai ta fara gwadawa, wannan ya yi girma, wannan ya faɗa ciki, har ta sami wanda ya zauna daram. Kawu ya tambaye ta ko yau aka ƙera murfin. Ta ce wace irin tambaya ce wannan, ai yana cikin tarin tun farko, nemo shi kawai ta yi.

Ya ce to haka jikin takwararta yake. Murafen suna nan tun da aka haife ta, iri-iri, sun fi gaban lissafi. Abin da ya sa mata a dantse cuta ce da aka karya wa ƙarfi, ita ce kwanon. Jiki ya ɗauke ta ya kai ta mahaɗa mafi kusa, wato hammata, inda murafen ke wucewa ana gwada su ɗaya bayan ɗaya har a sami wanda ya zauna.

Hajiya ta ce, “To murhi guda shi za ya ruhe kwanonin gari duka?”

Kawu ya yi murmushi, ya ce nan ne misalin kwano ya ƙare, don wannan murfin haihuwa yake yi. Ya ce ta tuna yadda ake shiga gona kafin girbi a zaɓi zangarniyar da ta fi kyau a ware ta don iri, baɗi ita kaɗai ta cika gona. Ƙwayar da ta dace da cutar haka take rabuwa biyu, biyun su rabu, har su cika wurin. A cikin 'ya'yan ma wasu sukan fi uwar kama cutar da kyau, sai a sake zaɓen su, su ne za su ci gaba da haihuwa. Daga nan su riƙa zuba makamansu cikin jini. Kumburin da take gani, in ji shi, taron nan ne ya cika ɗaki, ba dafi ba ne. In aka tsaga ba abin da zai fito sai jinin yarinya, kuma an buɗe wa wata ƙazantar ƙofa ke nan. Ya tambaye ta ko a tsawon rayuwarta ta taɓa ganin wanda ya yi ƙyanda sau biyu. Ta ce ba ta taɓa ba. Ya ce dalilin ke nan, in an gama yaƙi akasarinsu mutuwa suke yi, amma wasu suna zama a jiki shekara da shekaru suna gadi, in cutar ta sake leƙowa ba sai an sake nema daga farko ba.

Na zaci an gama. Hajiya ta ɗauki murfin tana juya shi a hannu, ba ta dubi kowa ba ta ce, “In ko Allah ya riga ya aje maganin cikin jiki, mi ya sa ɗiya ke mutuwa?”

Ba wanda bai san wa take nufi ba. Wanzami ya sunkuyar da kai yana gyara zabirar da ba abin da ya same ta. Ni kuwa, Allah ya sani, a raina ina so Kawu ya faɗa mata, ya ce mata rumbu, a gaban kowa. Shekara biyu maganar na cina.

“Lokaci ne, Hajiya,” in ji Kawu, murya ƙasa-ƙasa. “Nema shina ɗaukar kwanaki, haihuwa ma haka. Cuta mai ƙarhi ba ta jira. Wani yaron jikinshi kan riga ta, wani kuma ta riga shi. Abin ga da muke yi, lokacin muke sai ma yaro tun ba ta zo ba.”

Ya ƙara da cewa ba zai yi mata ƙarya ba, ba kowace kaluluwa ake bari ba. In ta yi laushi ta tara mugunya, shi da kansa zai ɗauki yarinyar zuwa asibiti a fitar. Amma wannan tauri gare ta, tana motsi ƙarƙashin yatsa, fatar ba ta yi ja ba, aikinta take yi. A bar ta ta gama.

Hajiya ta ajiye murfin. Da ta buɗe baki, ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi ba ni tsoro.

“Malam, na binne guda. In abin ga ya taɓa takwarata, ka zo ka ɗauki ɗiyarka ku tahi, kada in ƙara ganin ɗayanku cikin gidan ga.”

“Na ji, Hajiya, na kuwa yarda.”

Ko dubana bai yi ba. Na ji haushinsa a lokacin, wai mutum ya ɗora aurena a faifai bai tambaye ni ba. Daga baya na gane ya san amsar da zan bayar ne, kuma ya hutar da ni faɗinta a gaban uwar mijina. Hajiya ta juya ta ce wa wanzami ya naɗe zabirarsa, ta sa aka auno masa dawa ladan tahowa. Bawan Allah ya tashi da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Kaluluwar ba ta sauka nan take ba, sai ma ta ƙara girma, zazzaɓin ya ƙi tafiya, yarinya ta ƙi kunu sai nono. Matan unguwa suna shigowa sannu, suna fita suna ƙus-ƙus. Hajiya ta daina ci da ni, ta daina yi mini magana sai ta dole, amma ko da wasa ba ta sake aika wa wanzami ba, don ita in ta ba da magana ta bayar. Kullum bayan la'asar Kawu zai taho daga Kankara, ya murza wurin, ya sa in shafe ta da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ya ba ta maganin zazzaɓi a cokali, ya tsokane ni wai na rame kamar ni aka yi wa lambar. Ganin yadda yake wasa da dariya shi ya riƙe ni. Na ce a raina mutumin da ke da shakka ba zai yi wannan raha ba.

Sai a zaman makokin nan matarsa ta gaya mini gaskiyar abin. Bayan mutane sun ragu ta kira ni kusa da ita, ta ce in ya dawo daga Pauwa a kwanakin nan ba ya iya cin abinci, tuwo sai dai ta mayar. Ya ce mata ya yi wa yara lamba ba adadi, ya san abin da littafi ya ce, ya kuma gaskata, amma yaro kan mutu da wani ciwon daban ana tsakiyar haka, kuma in hakan ta faru ba mai raba wa Hajiya ɗaya da ɗaya. Zai zama ya kashe wa 'yar yayarsa aure, kuma ba uwar da za ta sake miƙo masa ɗa daga Pauwa har Yargoje. Ta ce takan ji shi yana tsayawa a zaure ya daidaita fuskarsa kafin ya hau babur. Shekaru nawa ina ganinsa, ban taɓa sanin ya ji tsoro ba. Da ta faɗa mini sai na ji girmansa ya ƙaru a idona, na kuma yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi.

A hankali zazzaɓin ya sauka. Kaluluwar ta koma kamar gyaɗa, ta koma kamar ƙwayar dawa, wata safiya na laluba ban ji komai ba. Ɓawon lambar ya faɗi ya bar tabo. Yarinya ta koma bin kaji a tsakar gida. Hajiya ba ta ce Kawu ya yi gaskiya ba, ta ce rubutun da ta karɓo wajen liman ne ya yi aiki. Da aka gaya wa Kawu sai ya ce Allah ya ƙara wa liman lafiya, shi dai bukatarsa ta biya. Ta koma ci da ni, amma shi tsakaninsu sai gaisuwa a taƙaice, in ya shigo ta amsa ta shige ɗaki.

Da bazara ta zagayo, ƙyanda ta sake shigowa Pauwa. Ta bi unguwarmu gida-gida, har cikin gidanmu, ta kwantar da 'ya'yan ƙanin mijina guda biyu a ɗakin da ke jikin nawa. Da 'yata suke wasa, a kwano guda suke ci. Kowace safiya Hajiya za ta janyo takwararta gaban haske, ta buɗe mata baki, ta duba bayan kunne, ta ɗaga riga ta duba ciki, ta sake ta. Ni ma in ta gama sai in ja ta ɗaki in sake dubawa. Aka yi jana'izar yara a unguwar, ɗan maƙwabtan da muka wanke wa kwanuka ma yana ciki. 'Ya'yan ƙanin mijina suka tashi da ƙyar, ɗaya da ido guda. 'Yata ko atishawa ba ta yi ba.

Kawu yana zuwa duba marasa lafiya a kwanakin nan, ya rame, idanunsa sun faɗa. Wata rana ya gama da yaran gidanmu zai fita, sai Hajiya ta ce in kira mata shi. Ta sa na shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakinta, ta kawo masa ruwa da hannunta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na juya zan ba su wuri, ta ce in tsaya, ni ma da ni. Yarinyar na zaune a gefenta tana wasa da carbinta.

“Malam, an ce ba ka ƙarya ko don a ji daɗi,” in ji ta. “Ka hwaɗa mani. Da ban sa maigidan nawa cikin rumbu ba, da yanzu shina nan?”

Tun da yaron ya rasu ba ta taɓa ambaton rumbun ba, ba kuma wanda ya ambata mata. Na dubi Kawu. Maganar da na daɗe ina so a faɗa mata ga ta nan ta miƙo wuya da kanta, sai na ji ba na so kuma, tsohuwar ta ba ni tausayi har cikin raina. Kawu ya riƙe kofin ruwan bai sha ba.

“Hajiya, wannan ban sani ba, kuma ba mai sani sai Allah. Abin da na sani, wagga tana nan. Ni magana kawai na yi rannan. Ke kinka sallami wanzami.”

Hajiya ta janyo yarinyar ta ɗora a cinya, ta kifa fuskarta a kan 'yar kitsonta, kafaɗunta na rawa. Ta miƙo hannu ɗaya ba ta ɗago ba, ta kamo zanena ta zaunar da ni kusa da ita, a nan na yi kukan ɗana na fari a gaban mutane, ba wanda ya ce mini kunya. Kawu ya ajiye kofin a hankali, ya ɗauki jakarsa, don akwai yara a gidan gaba suna jiransa.

Ya Allah, yadda bawan nan naka ya amsa wa tsohuwa tambaya mai nauyi da sauƙi, bai kuwa yi mata ƙarya ba, ka sauƙaƙa masa tasa tambayar a inda yake kwance.